Simintin da Aka Zuba a Ƙugunki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Yagana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa uwa, gwiwa biyu a ƙasa, ina roƙon Allah Ya sa makwancinki na cikin sanyi da haske. Ni ce Falmata. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, don haka zan sa ta a shafina, wanda ya ga dama ya karanta. Da kina raye da kin ce in rufe bakina, maganar gida ba ta fita waje. Ki yi haƙuri, Inna. Shekara bakwai ina rufe shi, yanzu ya cika.

Kin tafi ina ɗalibar makarantar nas. To, na gama, kuma an ajiye ni a ɗakin tiyata, ɓangaren ƙashi, a wani asibiti nan Yola. Cikin ayyukana har da kwaɓa siminti. Irin wanda aka zuba miki. Ni da ke ba mu taɓa ganinsa ba lokacin da ake ta faɗa mana sunansa, har kika tambayi likita ko irin na magina ne, shi kuwa ya yi dariya bai ba ki amsa ba. Bari in ba ki amsar yau. Gari ne fari a cikin leda, da ruwa a 'yar kwalba. Idan na fasa kwalbar, warinsa na ratsa takunkumi ya hau kai. Ina zuba ruwan a garin in juya. Da farko kamar kunu, sai ya yi danƙo, sai ya zama kamar tuwon da ya daina kama hannu. A wannan ɗan lokacin ne likita ke cusa shi cikin ƙashi ya dasa ƙarfen, ya riƙe ba motsi. Sai simintin ya ɗau zafi, ya sandare kamar dutse. Duk tafiyar da mutum zai yi har ƙarshen rayuwarsa a kan wannan kwaɓin take.

Watan jiya aka tara mu bita a wani zaure a Jimeta. Dokta Hajara, matashiyar likitar ƙashi da nake aiki a ƙarƙashinta, ita ta yi jawabi. Ta ce ko siminti mai kyau, bayan shekaru ana taka ƙafa ana ɗagawa, yakan fara tsagewa, tsaga ƙanana da ido ba ya gani. Su haɗu da juna, ƙarfen ya fara girgiɗi, ɓurɓushin ya riƙa cin ƙashi, sai an sake buɗe mutum. Ta ce akwai masu bincike da ke neman simintin da zai ɗinke tsagarsa da kansa. Suna cakuɗa garin da wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi, amma ƙanana ƙwarai, kowanne cike da ruwa mai kama da gam. Tsaga na tasowa sai ta fasa ƙwayoyin da ke kan hanyarta, ruwan ya malalo ya cike ta, ya daskare a wurin. Ta ce har yanzu a ɗakin gwaji abin yake, bai zo jikin mutane ba, kuma akwai sauran tambayoyi kan ko jiki zai karɓe shi lafiya.

Wallahi Inna, abin ya burge ni. Na zauna ina tunanin mutanen da ke ɓata shekarunsu a kan tsagar da ido ba ya gani, don kada wata tsohuwa da ba su sani ba ta sake kwanciya ƙarƙashin wuƙa. Ina cikin haka sai wani a layin gaba ya ɗaga hannu. Babbar riga fara, an sha aiki a wuya. Yana buɗe baki na gane muryar. Likitanki ne. Wanda ya yi miki aikin farko. Ba zan rubuta sunansa ba, ba don ina tsoronsa ba, don bakina ba ya son ɗaukar sunan ne. Yanzu ya rage shiga tiyata, ya buɗe kamfanin kawo wa asibitoci kayan aiki. Kin san abin da ya tambaya? Wai yaushe abin zai fito kasuwa, domin kamfaninsa na so ya zama na farko da zai shigo da shi, saboda kishin marasa lafiyarmu. Aka tafa masa.

Na fita waje na tofar da yawu a gindin wata bishiya. Sai da na tofar sau uku bakina bai daina ɗaci ba.

Kin tuna ranar da muka bar Mubi. Baba ya riga ya rasu, daga ni sai ke. Da harbin 'yan bindiga ya matso unguwarmu, ba ki ɗauki komai ba sai kwalaben humra biyu da ledar turaren wuta, kika ce da su za mu ci abinci duk inda muka sauka. Muka samu bayan wata motar buhuna, mutane a kan mutane. Kafin mu kai Hong wani ya yi ihu cewa ga su nan a gaba, direba ya taka birki, kowa ya yi ta dirowa. Kika diro, wata mata mai goyo ta faɗo a kanki. Ashe ba kowa a gaban, shanu ne suka tare hanya. Daga ranar ba ki ƙara tsayawa da ƙafar dama ba. A kwance kika ƙetare gadar Binuwai, kanki a cinyata, kina tambayata ko kwalaben sun fashe.

Muka sauka gidan Kawu Modu, ƙaninki, a unguwar Gwadabawa cikin Jimeta. Ɗaki ɗaya mu tara. Aka kira mai ɗori, ya ja ƙafar har kika suma, ya ɗaure da karare, ya ce kwana arba'in. Muka yi wata uku. Ƙafar ta gajarce, tafin ya juya waje. Da aka ɗauki hoto a asibiti aka ce wuyan ƙashin ƙugu ne ya karye, irin karayar da ɗori ba ya kamawa, sai an cire kan ƙashin an sa na ƙarfe.

A lokacin ne labari ya zo cewa wata ƙungiya ta ɗauki nauyin yi wa 'yan gudun hijira tiyata kyauta a wani asibitin kuɗi a Jimeta. Kawu ya yi ta zirga-zirga har sunanki ya shiga. Ni na sa hannu a takarda, ina da shekara goma sha tara, ban karanta ko layi ɗaya ba. Kwana biyu bayan aikin suka zo da masu ɗaukar hoto. Aka ɗaga ki zaune alhali kina zufar ciwo, aka gyara miki mayafi, likitan ya dafa kafaɗarki yana murmushi. Aka ce ki ɗaga babban yatsa. Ba ki san ma'anarsa ba, kika ɗaga hannu biyu kamar mai addu'a, suka ce hakan ma ya fi kyau. Suna fita aka bar ki da ni da fo a ƙarƙashin gado.

Amma kin tashi, Inna. Wannan ba zan hana shi ba. Wata biyu kina tafiya da sanda, na uku kika ajiye ta. Kika samu gefen rumfa a kasuwar Jimeta, kusa da Mama Ngozi mai sayar da kwanuka da tukwane, ita ta matsar da kayanta ta ba ki wuri ba tare da ta san ki ba. Matan Yola suka gano turarenki, suna kiranki Dada Borno, wato uwar Borno da Fillanci. Ina jin Mama Ngozi har yanzu da Hausarta tana cewa, "Yagana, wannan turare naka yana kawo mini kastoma, kada ka tashi daga nan." Kina gyara mata, kina cewa ni mace ce, a ce naki. Ta ce, "Naka, naki, duk ɗaya ne, abeg." Wata bakwai muka yi a cikin wannan jin daɗin. Na ƙirga su sau da yawa.

Sai ciwon ya fara, a matsematsi, yana sauka cinya. Kina tashi daga tabarma sai ki tsaya cak, ki jira ya lafa kafin ki taka. Wata rana kina alwala kika kira ni, kika ɗora hannuna a ƙugunki, kika motsa ƙafar. Na ji abu na motsi a ciki, ƙus, ƙus, kamar turmin da taɓaryarsa ta yi masa kaɗan. Kika ce, "Falmata, ƙarfen nan yana yawo."

Sau huɗu muka koma wurin likitan. Na farko ya ce sanyi ne. Na biyu ya ce tsufa ne, ke da ba ki kai sittin ba. Na uku ya rubuta maganin ciwo ba tare da ya ɗago kai ba. Na huɗu ba mu wuce teburin ƙofa ba, matar da ke wurin ta ce shirin 'yan gudun hijira ya ƙare, fayil ɗinmu ma ba ta san inda yake ba. Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya ci ladan, ya yi rabin askin, ya kore mu.

Da na ce zan kai ƙara, Kawu Modu ya zaunar da ni a zaure. Ya ce, "Ke yarinya ce. Kyauta aka yi mana, a garin mutane muke, da wane baki za mu yi ƙara? Ƙaddara ce, a bar wa Allah." Maƙwabta suka zo dubiya, kowa da irin wannan maganar. Haƙuri, haƙuri, haƙuri. Na yarda da ƙaddara, Inna, ke kika koya mini. Faɗowarki daga mota ƙaddara ce. Amma na tsani yadda muke ɗaukar kalmar nan mu lulluɓe ƙazantar mutum da ita, kamar yadda ake jefa tabarma a kan kashin yaro idan baƙi sun shigo. Warin yana nan, kowa na jinsa, kowa na murmushi.

Shekara biyu da rabi kika yi a haka. Kika koma sanda, daga sanda kika koma ja da gindi. Rumfar ta gagara, Mama Ngozi ta riƙa sayar miki da turaren tana kawo miki cinikin har gida duk Asabar, da ayaba a leda. Daga baya wurin ɗinkin ya kumbura, ya fashe, ya fara zubar da ruwa. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ke da mutane ke sanin kin wuce ta layi saboda ƙamshi, kika koma kina sa ni in kunna kasko in cika shi da turare kafin kowa ya shigo, don kada a ji. Ba ya rufewa. Turaren da warin mugunyar suna haɗuwa su zama wani abu na uku da ya fi kowannensu muni. Har yau idan na shiga gidan biki aka sa irin turarenki, sai na nemi ƙofa. Likitan nan ya raba ni da ƙamshin uwata ma.

Ina shekara ta biyu a makarantar nas wani dattijon likita a asibitin gwamnati ya yarda ya sake buɗe ki. Bayan aikin ya kira ni, da yake ya san ni ɗaliba ce, ya nuna mini abin da ya ciro a cikin 'yar tasa. Ya ce ƙarfen da yatsu biyu ya zaro shi, ko guduma bai taɓa ba. Simintin kuwa ya murtsuke shi a gabana da safar hannu, ya ruguje kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa. Duk huji ne a cikinsa, kuma ɗan kaɗan ne, bai kai rabin abin da ya kamata ba. Dattijon bai zagi kowa ba. Cewa ya yi, "'Yata, ki kalli wannan da kyau. In Allah Ya sa kin zama nas, kada hannunki ya taɓa kwaɓa irinsa."

Sauran labarin daga baya na ji shi, daga bakin wata tsohuwar nas da ta yi aiki a wancan asibitin lokacin shirin. Ta ce ƙungiyar ta biya a sayo sabon siminti, leda guda ga kowane mutum. Likitanki na farko kuwa ya kwaso tsohon da ya yi shekara da shekaru a wani sito mai rufin kwano, cikin zafin Yola da kika sani, wa'adinsa ya wuce tuntuni. Leda ɗaya ya sa a raba wa mutum biyu. Ta ce da ta yi magana, cewa ya yi, "Waɗannan da suka kwana a daji, shekara nawa kike tsammanin za su yi suna tafiya?" Tana ba ni labarin tana kuka, tana neman in yafe mata, ita ce ta kwaɓa naki.

To, wannan mutumin ne aka tafa wa a zauren bita.

Lokacin shan shayi na je na same shi. Ban shirya ba, ƙafafuna ne suka kai ni. Yana tsaye da faranti cike da nama, maiƙo a leɓensa. Na gaishe shi, na ce ni 'yar Yagana ce, wadda ya yi wa aikin ƙugu a shirin 'yan gudun hijira. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Allah sarki! Mun yi aikin lada a lokacin nan. Yaya jikin Mama?" Na ce ta rasu. Ya ce Allah Ya ji ƙanta, ya ɗauki wata tsoka ya kai baki, ya ciro katin kamfaninsa ya miƙo mini da hannun maiƙon, wai idan ɗakin tiyatarmu na buƙatar wani abu in kira shi kai tsaye. Bai tuna ki ba, Inna. Ko kaɗan. Na yi shekaru ina shirya maganganun da zan faɗa masa, ina zaton zai sunkuyar da kai ko ya yi musu. Ban taɓa kawo wa raina cewa babu ke a cikin kansa gaba ɗaya ba. Na karɓi katin. Wannan ma ina jin ƙyamar kaina a kansa. Na karɓa har na ce na gode.

Kwana tara bayan haka aka kawo Mama Ngozi asibitinmu. Ta tsufa, Inna, gashinta ya yi fari fat, tsayuwar kasuwa ta cinye mata gwiwar hagu, aka ce sai an sa ta ƙarfe. Da ta gan ni cikin kayan aiki ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce, "Falmata, kai ne za ka tsaya a kaina fa. Na ga abin da ya sami Yagana, tsoro yana kama ni." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, Dokta Hajara ce za ta yi, hannunta na da kyau.

Da safen aikin, tana kan gadon turawa a bakin ƙofa, ba a kai ga yi mata allura ba, na je ɗauko siminti. Sabon kwali ne, da tambarin kamfanin likitanki na farko a jiki. Ashe shi aka ba kwangila. Na juya ledar in duba wa'adi kamar yadda na saba, sai na ga takardar kwanan watan ta ɗan yi tudu. Na sa farce na ɓanɓare. Akwai wata a ƙasa, wa'adinta ya wuce da daɗewa. Na ɗaga kwalbar a haske. Ruwan da ya kamata ya zama garau yana gudu, ya yi rawaya, yana jan jiki kamar zuma. Na buɗe leda ta biyu, ta uku, ta huɗu. Duk haka.

Na kai wa Dokta Hajara. Ta duba, ta cire takunkumi ta ce an fasa aikin yau. Kafin minti goma jami'in sito ya iso, da wani babba daga ofis. Suka ce ai wa'adin nan na Turawa ne, sukan rage shi da gangan, siminti ba madara ba ne da zai lalace. Suka ce mara lafiya ta riga ta shirya, kada a ɓata sunan asibiti a kan 'yar takarda. Babban ya dube ni ya ce, "Ke aikinki kwaɓawa ne, ba bincike ba."

A nan na yi abin da ake tuhumata da shi. Na ɗauki ledar da kwalbar na fito baranda, inda 'ya'yan Mama Ngozi da dangin sauran marasa lafiya ke zaune, na ɗaga su sama na faɗi abin da ke ciki da ƙarfi. Na ce irin wannan aka zuba wa uwata, na wanke mugunyarta shekara biyu, wallahi ko za a kore ni yau hannuna ba zai kwaɓa shi ba. Ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Har masu shara suka tsaya.

Mama Ngozi da farko faɗa ta fara, wai tun jiya ba ta ci komai ba, yanzu kuma a ce ta koma. Da babbar 'yarta ta yi mata bayani da yarensu, sai ta daina faɗan. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta jawo kaina ta rungume, da hular tiyatar da komai. Ta ambaci sunanki sau biyu.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Washegari aka ba ni takardar tuhuma, wai na tona asirin wurin aiki a gaban jama'a. Aka cire ni daga tiyata aka mai da ni ɗakin wankin ciwo. Dokta Hajara ta rubuta ta kare ni, aka ce an gani. Wannan duk bai dame ni sosai ba, wankin ciwo ba baƙona ba ne.

Abin da ya tayar mini da zuciya shi ne abin da aka yi da kwalayen. Na ɗauka za a ƙona su, ko a kira hukuma. Sai aka kira mai kamfanin. Ya zo da kansa, ya yi ta salati, ya ce kuskuren ma'aikatansa ne, zai hukunta su. Aka sha lemo a ofis. Aka loda kwalayen a bayan motar kamfaninsa, a mayar masa da kayansa, ina tsaye ta taga ina kallo har motar ta fita ƙofa. Kin san ba bola za ta kai su ba. Akwai ƙananan asibitoci a garuruwan da ke kewaye da mu, inda babu wanda zai sa farce ya ɓanɓare takarda. Wata tsohuwa na can yanzu tana murna an sa mata ranar aiki.

Na yi abin da zan iya. Na riga na ɗauki hoton ledar da lambar da ke jikin kwalin, na tura wa duk nas ɗin tiyata da na sani, daga nan har Numan da Mubi da Ganye, na ce su duba kafin su fasa kwalba. Biyu sun kira ni sun ce sun ga irinsa sun ajiye gefe. Sauran ban sani ba. Na kuma rubuta takarda zuwa ga masu sa ido kan magunguna, da sunana da sa hannuna, wannan karon na karanta kowane layi. Kawu Modu ya ji labari ya kira ni, ya ce ina neman jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina. Na gaishe shi da ladabi, na ce na ji, ban janye ba.

An yi wa Mama Ngozi aikinta bayan sati biyu, da simintin da Dokta Hajara ta nemo da kanta ta wata hanya, ta duba shi a gaban 'ya'yan Mama Ngozi. Ba ni na kwaɓa ba, ina waje ina naɗe bandeji. Shekaranjiya ta tako da ƙarfen koyon tafiya tun daga ɗakinsu har ƙofar ɗakin wankin ciwo, tana haki, don kawai in gani. Ta ce idan ta koma kasuwa za ta yi mini rawa a gaban rumfa.

Game da wancan simintin mai ɗinke kansa, ina fatan Allah Ya ba masu nemansa sa'a, ina fatan in rayu in kwaɓa shi da hannuna. Amma na san ƙasarmu. Ranar da ya iso, irin mutumin nan ne zai fara tsayawa a bakin jirgi ya karɓe shi, ya jibge a sito mai zafi har ƙwayoyin su mutu, ya liƙa sabuwar takarda. Masu binciken suna can suna faɗa da tsagar da ke zuwa bayan shekaru masu yawa na tafiya. Ke wata bakwai aka ba ki.

Akwai abin da ya rage tsakanina da ke, shi ya sa na rubuto. Bayan aiki na biyu ƙwayar cutar ta riga ta shiga jini, kin sani, ni ma na sani. Ranar Laraba da hantsi, kwana ɗaya kafin ki cika, kika sa na jiƙa miki leɓe da ruwa, kika ce in matso. Kika ce, "Likitan nan na farko, na yafe masa. Ke ma ki yafe, kada ki ɗauki kayan da ba naki ba." Na gyaɗa kai na ce to, don in ga hankalinki ya kwanta. Ƙarya na yi miki, Inna. Ita ce magana ta ƙarshe da kika nema a wurina, kuma ƙarya na ba ki. Ban yafe ba a ranar, ban yafe ba yau. Haƙƙinki naki ne, kin bayar, Allah Ya ba ki ladansa ninki ba ninki. Amma na matan da ke kan layi yanzu ba nawa ba ne balle in yafe, kuma ba zan yi shiru ba sai an tsayar da shi. Idan hakan saɓa miki ne, ki yafe mini kamar yadda kika yafe wa wanda bai ko san sunanki ba. Na fi shi buƙata.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a inuwa ɗaya. Ya tashe ki ranar tsayuwa a kan ƙafafunki biyu, lafiyayyu, ki ƙetare siraɗi da gudu. Ya kare duk wanda zai kwanta a gadon tiyata daga hannun da ba ya tsoronSa. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin zuciya, Ya wanke mini ita idan lokacin ya yi. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Falmata,
daga Yola.